Maraƙi Tushen Garke: Taƙaitaccen Tarihin Renon Shanu a Arewa

Gabatarwa

Duk lokacin da aka zo maganar tarihin ƙasarmu, abin da muka fi ji a aji shi ne sarakuna da yaƙe-yaƙe da fatauci, sa'an nan sai gyaɗa da auduga. Shanu kuwa ba safai ake ambatonsu ba, sai fa in an zo kan jangali ko rikicin makiyaya da manoma. Alhali kuwa da wuya a sami gida a Arewa wanda bai mori saniya ba, ko ta fura da nono, ko naman miya, ko taki, ko fata, ko garmar noma. Ba banza ba ake yi mata kirari da nagge daɗi goma.

A cikin wannan 'yar maƙala ina so mu bi tarihin shanun ƙasar nan ta fuskar maraƙi. Dalilina shi ne, garke ba ya ƙaruwa sai an haifi maraƙi ya kuma rayu, saboda haka duk wanda ke son ya san halin da dukiyar makiyaya ke ciki, can ya kamata ya duba. Abin da nake son nunawa kuwa shi ne, tun daga zuwan Turawa hukumomi sun fi mai da hankali ga bijimi, watau yadda za a gyara iri, shi kuwa makiyayi hankalinsa yana kan ko maraƙinsa zai tsallake ranin farko. Za mu ga cewa duk lokacin da aka yi sake da maraƙi, sai wahalar da aka sha a kan sauran garken ta tashi a banza.

Garke kafin zuwan Turawa

Littafin Tarihin Kano ya ambaci zuwan Fulani ƙasar Hausa daga Mali a zamanin Sarki Yakubu, cikin ƙarni na 15. Waɗanda ya ambata malamai ne da suka zo da littattafai, amma 'yan'uwansu makiyaya su ma sun yi ta shigowa da garkunansu a hankali a hankali. Ba kuma Fulani kaɗai ke da shanu ba. Akwai Larabawan Shuwa a Barno, da Buzaye a arewa, da Buduma a tsibiran Tafkin Chadi, ga kuma Hausawa masu takarkarai da 'yan shanun turke.

Zaman da aka yi tsakanin ruga da gari zama ne na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Bayan girbi shanu su shiga gonaki su ci kara da sauran abin da aka bari, su zube wa manomi taki. Matan ruga su kawo nono da man shanu gari, su koma da hatsi. Sarauta kuwa ita ke kare burtali da mashaya, ita ce kuma ke karɓar jangali. Wannan haraji tsohon abu ne, don kuwa Kitabul Farƙi da ake danganta wa Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya lissafa shi cikin abubuwan da ya zargi sarakunan Haɓe da su. Ita ma zakka da maraƙi take fara ƙidayar wannan dukiya: mai shanu 30 maraƙi zai fitar, mai 40 kuwa saniya.

A cikin waɗannan ɗaruruwan shekaru ne aka tace irin shanun da muke gani yau. Akwai Bunaji, farare masu baƙin kunne da baƙin hanci, waɗanda suka fi kowane iri yaɗuwa. Akwai Rahaji, jajaye masu dogayen ƙahoni da doguwar ƙafa, gwanayen tafiya mai nisa. Akwai Bokoloji, watau Gudalin Sakkwato, masu jiki da gajeren ƙaho, da Gudalin Adamawa, da Wadara na Shuwa, da Azawak na arewacin Nijar, sa'an nan da Kuri na Tafkin Chadi, marasa tozo masu kumburarrun ƙahoni. Kowane iri ya dace da ƙasarsa da irin kiwon da ake yi masa.

Kada mai karatu ya ɗauka waɗannan iri sun samu ne haka kawai. Makiyayi ba shi da takarda, amma yana riƙe da asalin kowace saniya a ka, ta wajen uwa, sau da yawa ma 'ya takan gaji sunan uwarta. In za a zaɓi bijimin garke, sai a dubi uwarsa: tana da nono? Tana haihuwa a kai a kai? 'Ya'yanta suna rayuwa? Tana jure rani da tafiya? Sauran mazan da ba a zaɓa ba akan dandaƙe su ko a sayar, don kada su yi barbara. In an ga jini ya yi kusa, sai a aro bijimi daga wani garke. Wannan shi ne ilimin gyaran iri tun kafin a kira shi da wannan suna a jami'a.

Tsakanin maraƙi da ƙwarya

Saniyarmu mai tozo tana da wata ɗabi'a wadda ta bambanta ta da ta Turai: ba ta sakin nono sai ta ga ɗanta. Saboda haka dole a saki maraƙi ya fara tsotsa, in nono ya sauko a janye shi a ɗaure kusa da uwar, a tatsa, sa'an nan a sake shi ya sha abin da ya saura. In maraƙi ya mutu, nonon yakan ƙafe tare da shi. Don haka ne makiyaya a wurare da dama na Afirka kan cusa ciyawa cikin fatar mataccen maraƙi su ajiye gaban uwar, ko ta yarda a tatse ta.

Ni da na tashi a ƙauyen da ruga take bayan gari, abin da na fara sani game da kiwo shi ne dangwali, watau doguwar igiyar nan mai zarge-zarge da ake ɗaure maruƙa a jere. Da almuru in shanu sun dawo, akan bar maruƙa su sha, sa'an nan a kai kowane zargensa ya kwana, don nono ya taru a hantsa kafin tatsar safe. Da rana kuma ba sa bin garke, suna nan kusa da gida yara na duba su. Kowane maraƙi ya san wurinsa a dangwali, mai garke kuwa da kallo ɗaya zai gane wanda bai ƙoshi ba.

To, a nan gizo ke saƙar. Hantsa ɗaya ce, masu jiranta biyu. Nonon da aka tatsa na uwargida ne, da shi take sayen hatsi da gishiri da sabulu, da shi kuma yara ke karya kumallo. Mai garke kuwa so yake a bar wa maraƙi, don shi ne saniyar gobe. Da damina babu gardama, nono ya ishi kowa. Amma daga watan Fabrairu zuwa Mayu, lokacin da ciyawa ta bushe ta zama ba ta da amfani, ruwa ya yi nisa, saniya ta rame, kowace ludayi da ta shiga ƙwarya daga bakin maraƙi aka ɗebo ta. Maraƙin da bai sha dakashi sosai a ranar haihuwarsa ba, bai kuma ƙoshi da nono a watanninsa na farko ba, shi ne gudawa da tsutsar ciki ke kayarwa da zarar ruwan farko ya sauka. In ma ya rayu sai ya tsumbure.

Bushiya

A shekarar 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu a tashar jiragen ruwa ta Masawa, a bakin Bahar Maliya, suna ɗauke da cutar bushiya. Cikin 'yan shekaru cutar ta ratsa Habasha da Sudan ta iso ƙasar Chadi da ƙasar Hausa. Wani sojan Faransa mai suna Monteil, wanda ya bi ta Sakkwato da Kano a 1891, ya ba da labarin ɓarnar da ya tarar a kan hanyarsa. Masana sun ƙiyasta cewa a wuraren da ta bi ta kashe kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na shanu. Mutanen lokacin sun sa wa wannan annoba suna "sannu", don babu abin da za a ce wa mai garke sai jaje. Ta sake dawowa a 1913 zuwa 1914, daidai da yunwar Kakalaba, ta kuma dawo a 1919 zuwa 1920.

Abin lura a nan shi ne yadda aka sake gina dukiyar bayan annobar farko. A lokacin babu likitan dabbobi, babu rance daga hukuma. Waɗansu makiyaya sun koma noma, waɗansu sun shiga yi wa wasu kiwo, waɗansu kuwa ba su sake komawa daji ba har abada. Waɗanda suka farfaɗo, da 'yan tsirarun shanun da suka tsira suka farfaɗo. Ba a yanka mace, ba a sayar da ita sai dole, kowace maraƙa kuma ana renonta kamar jariri. Akwai wata al'ada da Fulani ke kira habbanaye, wadda har yanzu ake yi, musamman a Nijar: mai shanu ya ba wanda ya rasa aron karsana, ta zauna wurinsa yana shan nono har ta yi haihuwa biyu ko uku, ya riƙe 'ya'yan, ya mayar da uwar. Da irin wannan taimakon juna, da haƙurin shekaru masu yawa, garkuna suka sake cika.

Vom da Shika

Turawan mulkin mallaka sun tarar da jangali suka ci gaba da karɓa, har ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin baitulmalin En'e. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin fata da kirgi da jigilar shanu zuwa Kudu suka bunƙasa. Saboda haka mutuwar shanu ta zama hasarar gwamnati ita ma. An fara aikin likitan dabbobi a Zariya, sa'an nan a 1924 aka kafa ɗakin bincike a Vom, kan tsaunin Jos, inda aka riƙa haɗa maganin rigakafin bushiya. Da farko makiyaya sun yi ɗari-ɗari, don suna zaton dabarar ƙidayar jangali ce, amma da suka ga garken da aka yi wa allura yana tsira, sai suka riƙa kawo shanu da kansu.

A 1928 kuma aka buɗe gonar shanu ta Shika, kusa da Zariya. Nufinta shi ne a tara shanun gida, musamman Bunaji, a riƙa auna nonon kowace saniya, a zaɓi mafi kyau, a fitar da bijimai na ƙwarai. Wannan ya zo daidai da lokacin da Ma'aikatar Gona ta fara koya wa manoma noma da garmar shanu. Malaman dabbobi kuma suka shiga ƙauyuka da wani ƙarfen fiɗiya da ake kira Burdizzo, suna fiɗiye mazan da suke gani ba su cancanci barbara ba. Daga baya Shika ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, a 1976 kuma ta zama cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, wadda aka fi sani da NAPRI.

Ba za a raina aikin Shika ba. A can aka fara rubuta asalin shanunmu a takarda, da ranar haihuwa, da nauyi, da yawan nono. Amma wani babban darasi da waɗannan takardu suka ƙunsa bai sami kulawar da ta kamace shi ba. Bunajin da ke Shika jininsu ɗaya da na ruga, daga ruga ma aka sayo kakanninsu. Duk da haka, da yake suna samun ruwa da harawa da angurya da rani, ana kuma kashe musu kaska da tsutsa, sai ga karsana tana haihuwar fari kafin ta cika shekara 4, tana kuma sake haihuwa bayan kamar wata 14. Watau ke nan saniyar gida tana da abin da ba ta taɓa samun damar nunawa ba.

Jinin waje

Zaɓen iri aiki ne mai cin lokaci. Saniya wata 9 take ɗaukar ciki, ɗa guda take haifa, kuma kafin a san ko bijimi na kirki ne sai 'ya'yansa mata sun girma sun haihu an auna nononsu. Wannan shekaru ne masu yawa. Gwamnatocin bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da na bayan samun mulkin kai a 1960, suna gaggawa, ga birane na girma, ga madarar gwangwani da ta gari ana ta shigowa da su daga Turai. Sai hankali ya koma ga jinin waje. Aka kawo bijiman Firiziyan, shanun nan masu dabbare-dabbaren baƙi da fari waɗanda asalinsu ƙasar Holan ne, aka haɗa su da Bunaji a Vom da Shika. Daga baya ma aka daina wahalar kawo bijimin, sai dai a kawo maniyyinsa a daskare a ɗura wa saniya.

A gonar gwamnati abin ya yi kyau. 'Yar da aka samu daga wannan barbarar yanyawa tana ba da nono kusan ninki biyu na uwarta, tana kuma balaga da wuri. Amma tana da ci, tana da shan ruwa, ba ta jure zafi da doguwar tafiya, kaska da kirci da sammore kuma sun fi kama ta. Gwargwadon yawan jinin waje a jikinta, gwargwadon raunin da take da shi a daji. Makiyayin da ke tafiyar kilomita da yawa kullum neman ruwa ya dube ta ya san ba tasa ba ce. An sha kiransa mai taurin kai saboda wannan, alhali lissafinsa daidai ne: saniyar da za ta ba da nono mai yawa da damina ta mutu da rani, ita da ɗanta, ba riba ba ce.

Maƙwabtanmu na Nijar sun bi wata hanya a tashar Tukunus, cikin ƙasar Filinge, inda tun shekarun 1950 suka duƙufa kan tace Azawak ita kanta. Sun sami saniya mai nono wadda kuma ta san zafin Sahel, har ƙasashen maƙwabta suka riƙa neman irinta.

A wannan zamani ne kuma Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe makiyaya ta 1965. An ware wurare kamar Ruma da Kukar Jangarai a ƙasar Katsina, da dajin Zamfara, da Wawa Zange a ƙasar Gwambe, da Kaciya. An tsara fiye da 400 a faɗin ƙasa, amma waɗanda aka tabbatar da su a dokance ba su kai rabi ba, da yawa kuma gonaki sun cinye su. Fadamun da maruƙa da shanu masu shayarwa ke dogara da su da rani suka zama lambuna. An soke jangali a tsakiyar shekarun 1970, makiyaya suka huta da haraji, amma kuma sai hukuma ta rage damuwa da sanin yawan shanu da halin da suke ciki.

Komowar bushiya

Wajen 1960 wani likitan dabbobi Bature, Walter Plowright, yana aiki a Kenya, ya haɗa allurar rigakafin bushiya wadda in an yi wa saniya sau ɗaya ta ishe ta har ƙarshen ranta. A 1962 aka fara wani babban shiri na haɗin gwiwa mai suna JP15 a Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, daga baya ya game sauran ƙasashe har zuwa 1976. An yi wa miliyoyin shanu allura, ana huda kunnen kowace don shaida. Cutar ta lafa har mutane suka fara mantawa da ita.

Sai dai akwai wani sharaɗi. Maraƙin da uwarsa ke da rigakafi yana samun kariya ta cikin dakashi, kariyar nan kuma tana hana allura kama jikinsa in an yi masa yana ƙarami. Bayan waɗansu watanni kariyar takan gushe, ya zama ba shi da komai. Saboda haka dole ne kowace shekara a bi sababbin maruƙa a yi musu allura idan sun tasa. Wannan aiki shi aka bar wa kowace ƙasa ta ci gaba da shi bayan masu ba da agaji sun tafi, shi ne kuma aka yi sakaci da shi. Motoci suka lalace, na'urorin sanyaya magani suka mutu, kuɗin aiki ya yanke. Cikin 'yan shekaru tsofaffin shanu masu hudajjen kunne suka ƙare, garkuna suka cika da waɗanda ba su taɓa ganin allura ba.

A farkon shekarun 1980 bushiya ta dawo, a 1983 kuwa ta yi wa Nijeriya mummunar ɓarna, dubban ɗaruruwan shanu suka mutu, ga kuma fari ya biyo baya. Sai da aka sake sabon shiri na nahiyar Afirka a 1986, aka dage da bin maruƙa shekara bayan shekara, kafin a ci ƙarfinta. A 2011 aka ba da sanarwar cewa an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya, ita ce cuta ta biyu da aka taɓa yi wa haka bayan agana.

Abin da aka gano a ruga

A ƙarshen shekarun 1970 da cikin 1980 masu bincike na wata cibiyar dabbobi ta ƙasa da ƙasa mai suna ILCA, wadda hedkwatarta take Adis Ababa a wancan lokaci, suka yi abin da ya kamata a yi tun farko. Suka zauna da makiyaya a kudancin Kaduna, wajen Kurmin Biri da Abet, suna auna Bunaji a cikin garkensu na ainihi. Suka tarar karsana ba ta haihuwar fari sai ta kai kamar wata 60, watau shekara 5. Tsakanin haihuwa da haihuwa kimanin shekara 2 ne. Cikin maruƙa biyar, kamar ɗaya yakan mutu kafin ya cika shekara. Nonon da ke shiga ƙwarya kuwa bai cika kai lita 1 a rana daga kowace saniya ba.

Bari mu yi lissafi da waɗannan alƙaluma. Saniyar da ta fara haihuwa tana shekara 5, tana yi duk shekara biyu, in ta kai shekara 13 ta haifi biyar. Ɗaya ya mutu, saura huɗu, rabi maza. Ke nan duk rayuwarta 'ya'ya mata biyu ta bari, ɗaya ta maye gurbinta, ɗaya ce ƙaruwar. In fari ko cuta ta ɗauke wannan ɗayar, garke ya tsaya cik. Wannan shi ya sa makiyayi ba ya son sayar da mace, shi ya sa kuma yake riƙe da tsofaffin shanu da mutanen birni ke ganin ba su da amfani.

Dalilin wannan jinkiri kuwa yunwar rani ce. Maraƙar da ta tsumbure takan makara wajen balaga. Saniyar da ta rame tana shayarwa ba ta neman bijimi sai ta mayar da jiki, wannan kuwa sai damina ta zauna, wani lokaci ma sai damina ta biyu. Bijimi komai kyansa ba shi da abin da zai yi da saniyar da ba ta nema ba. Masu binciken sun gwada killace fili kamar kadada 4 kusa da ruga, a shuka wata ciyawa dangin wake mai suna sitailo, a ajiye ta sai rani, a riƙa sakin masu shayarwa da masu ciki su ci na 'yan sa'o'i kullum. Inda aka yi haka mutuwar maruƙa ta ragu, haihuwa ta ƙaru. Abin da ya hana dabarar yaɗuwa shi ne tsadar waya, da gobarar daji, da uwa uba rashin mallakar ƙasa. Wa zai kashe kuɗi ya shinge filin da za a iya tashinsa daga kai baɗi?

Kammalawa

Ƙidayar dabbobi ta 1990 ta sami shanu kusan miliyan 14 a Nijeriya, fiye da kashi ɗaya cikin uku Bunaji ne, Bokoloji na biye da su. Bayan shekaru sittin da kafa Shika, kusan dukkan shanun ƙasa irin gida ne, a hannun makiyaya da ƙananan manoma. Tun daga lokacin mutane sun ƙaru ƙwarai, burtali ya ƙara tsukewa, satar shanu da zubar da jini sun raba iyalai da yawa da garkunansu a Zamfara da Katsina da Kaduna da wasu wurare. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwo, maganar gyaran iri da ɗurin maniyyi kuma ta sake tasowa.

Ba na cikin masu cewa a yi watsi da jinin waje. Wanda ke da rijiya da rumbun harawa da likita a kusa da birni, barbarar Firiziyan za ta biya shi. Amma tarihin da muka bi ya nuna tsarin da ya kamata a bi. Farko a tabbatar maraƙi ya sha dakashi ya kuma sami rabonsa na nono, wanda ba zai yiwu ba sai uwargida tana da wata hanyar cefane da rani, ko kuma uwar maraƙin ta ƙoshi har nono ya ishi su biyun. Na biyu, a sama wa masu shayarwa harawa da angurya da ruwa a watannin nan huɗu masu wuya, a filin da makiyayi ya tabbata ba za a kore shi ba. Na uku, allurar rigakafin ciwon huhu da harbin dawa da sauransu ta riƙa isa ruga kowace shekara ba fashi, kada a maimaita sakacin da ya jawo 1983. Bayan waɗannan ne zaɓen bijimi zai yi amfani, a nan ma a fara da tambayar mai garke abin da ya sani game da uwar bijimin.

Da yawa daga cikinmu da ke karatu yau za su zama malaman gona, ko likitocin dabbobi, ko ma'aikatan mulki. Shawarata ita ce, in an kawo mana rahoton wani shirin kiwo, kada mu tsaya ga yawan bijiman da aka raba ko kuɗin da aka kashe. Mu tambaya maruƙa nawa aka haifa bara, nawa ne kuma cikinsu suka ga daminar bana.